Darar La'asar a Ƙofar Gidan Taubashina

Kwanan baya ina kishingiɗe da rediyo a kan ciki, na ji wani likita yana bayanin ciwon damuwa, wannan da ke sa mutum ya fita harkar abinci da mutane alhali babu zazzaɓi babu ciwon kai. Ya ce yanzu har akwai masu koya wa jama'a wasannin motsa ƙwaƙwalwa don a tare ciwon tun bai kama mutum ba, sai dai masana na ta gardama a kan ko amfanin abin ya kai wahalarsa. Na tashi zaune. Na ce ashe ana wannan bincike ba a neme ni ba, ni da na gudanar da shi tun zamanin soja, nan cikin Illela, a ƙasa, ba farar riga ba tebur. Gaskiya ne a aji huɗu na tsaya, shi ma don hedimasta na jin nauyin babana. Gaskiya ne kuma majinyacina mutum ɗaya ne tak. Amma ga rahotona. Wanda ya ga kuskure ya same ni gindin dogonyaro bayan azahar, ya zo da goronsa.

Majinyacin taubashina ne, ɗan kawuna. Kun dai san abin da ke tsakanin taubasai. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ya je Makka ni ko Kano ban taɓa zuwa ba a lokacin, amma tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma yana ce mini ɗan bayi. Abin da wani zai faɗa masa a yi shari'a, ni in faɗa a yi dariya.

Sana'arsa fatoma. Wato idan masu dabbobi suka gangaro daga arewa, daga Adar da can gaba da ita, za su ci kasuwar Lahadi, a gidansa suke sauka. Shi zai ba su makwanci da abinci, ya tsaya musu a ciniki, ya kuma tsaya wa mai saye in magana ta taso daga baya. Tun yammacin Asabar ba ka samun wurin aje ƙafa a ƙofar gidan nan. Takalman fata birjik a bakin zaure, raƙuma durƙushe bayan katanga suna tuƙa, Buzaye sun kewaye ɗan murhun waya suna fifita garwashi, ana zagayawa da shayin nan mai ɗaci a ƙaramin kofi. Fulani a gefe guda suna magana ƙasa-ƙasa. Akussan tuwo na fitowa daga cikin gida a jere, suna komawa a suɗe. Shi kuwa yana tsakiya da babbar rigarsa, wannan ya ja shi gefe, wancan ya ja shi gefe, ana lissafi rabi da naira rabi da sefa. Ka nuna masa bijimi cikin garke, zai gaya maka na wane ne, ya ƙara maka da wanda ya sayi uwarsa bara waccan.

Idan kasuwa ta watse sai dara. A gindin katangarsa ake haƙa gidajen, talatin, jere biyar. Ɗaya ya ɗauki karare ya kakkarya, ɗaya ya tsinto busasshen kashin raƙumi, kowa goma sha biyu. A zuba ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa, wanda ya jera uku ya ci, ya cire ɗan abokin wasansa guda. To a duk unguwarmu, har Amarawa, ba mai zama gaban taubashina ya tashi da fara'a. Yana wasa yana tsokana, yana taunar goro, bai ko duban ƙasa sosai. Na taɓa ganin wani Ba'adare ya tashi ya kakkaɓe riga ya hau raƙuminsa ba sallama.

Sai ga shekarar da sojoji suka rufe iyaka. Ba a gama mamakin wannan ba damina ta ƙi, nan da can duka. Dabbobin da ba su mutu ba an sayar da su a wulaƙance, masu su sun watse. Kwanni ga ta nan a ƙetaren iyaka, in ka hau tudu kamar ka miƙa hannu, amma ta koma wata duniya. Asabar ta zo ba a ga kowa ba, wata ta zo haka. Da farko yana sa a share zauren a shimfiɗa tabarmi a cika butoci, ya zauna yana kallon hanyar arewa. Daga baya ya ce a naɗe tabarmin. Ba yunwa ce ta kama gidan ba, yana da rumbu, yana da gonaki a Garu. Mutane ne suka ɗauke masa, shi kuwa da mutane yake numfashi.

Ni a lokacin ban lura da wuri ba, don rufe iyakar nan ni kasuwa ta buɗe mini. Gyaran keke nake yi. Motoci sun tsaya, sai kowa ya koma bin hanyar daji da keke, a ɗora buhu biyu a baya a bi ta cikin ƙaya. Safe da yamma faci nake yi, gam ya bushe mini a yatsu, ko tuwo na ɗauka warin roba nake ji. Har na fara tunanin sayen babur.

Matarsa ce ta aiko ta bakin mai ɗakina cewa tana son ganina. Na shiga na same ta a tsakar gida tana tsintar wake. Da ma da na yi sallama takan ce ga mayunwaci ya zo, a ɓoye tukunya. Ran nan ba ta ce ba.

“Malam, ɗan'uwanka hwa ba lahiya,” in ji ta.

“Mi as same shi? Rowa ta kai mishi ga ciki?”

“Bari wasa. Ba shi ci, ba shi barci, ba shi magana. In ya yi salla sai ya koma ƙuryar zaure ya sa bango gaba.” Ta aje faifan. “Kai ka san yadda Baba ya fara.”

Nan wasa ya fice mini. Baban da take nufi kawuna ne, mahaifinsa. A farin da aka yi can baya, shanunsa suka ƙare, ya shiga ɗaki. Bai yi hauka ba, bai zagi kowa ba, bai yaga riga ba. Shiru kawai ya yi. Muka riƙa kai masa fura muna ɗauko ta yadda muka kai, har ranar da aka fito da shi a makara. Mu a lokacin ba mu san wani suna na likita ba, cewa muke zuciyarsa ta mutu kafin shi. Abin da matar nan take tsoro ke nan, ni ma kuwa daga ranar shi nake tsoro: kada ɗan ya bi uban.

Ba a zauna ba, a yi wa dangi adalci. An karɓo rubutu ya sha, an yi turare har zauren ya koma kamar ana gasa masara, an yanka rago an yi sadaka. Malamin asibitinmu, wani mutum mai haƙuri, ya zo ya auna shi ya ba da maganin ƙarin jini. Ya ja mu gefe ya ce bai kai ga kwanciya ba tukuna, amma hanyar ke nan, in ya yi nisa sai babban asibitin masu taɓin hankali da ke wajen Sakkwato. Da jin haka yayyensa mata suka sa salati, suka ce ba a gidansu ba. Malamin ya ce to, in ba a son haka, kada a bar shi shi kaɗai, a sama masa abin da zai riƙa sa hankalinsa a kai.

Shawara ce mai kyau. Yadda dattawan unguwa suka ɗauke ta ne abin kallo.

Kowace yamma sai su taru a ƙofar gidan su zauna kamar an yi rasuwa. Kowa ya rage murya. “Sannu, Alhaji.” “Ya jiki, Alhaji?” “Sai haƙuri, Alhaji.” Mutumin da bai ce jikinsa na ciwo ba. Sannan wani mai goro, tsoho mai kirki ƙwarai, Allah ya jiƙansa, ya tuna da dara. Aka haƙa gidaje, aka lallaso shi ya fito. Kuma saboda kowa a wurin ya taɓa cin tuwon gidan nan, saboda ana jin nauyinsa, saboda ana so ya yi farin ciki, sai suka haɗa baki a ɓoye cewa kada wanda ya ci shi, kada ma a wahalar da shi.

Ranar da na rufe rumfa da wuri na je, na tarar mai goro ne a gabansa. Na tsaya ina kallo. Mai goro ya ga inda zai tare, ya kauda kai, ya tura ɗansa can wani lungu inda ko akuya ba za ta kai shi ba. Taubashina ya jera uku. Sai wurin ya ɗauka: “Kai! Alhaji sai kai! Hannu na nan!” Shi kuwa ko murmushi. Ya ci na biyu, ya ci na uku, aka sake yin kabbara. Sai ya miƙe, ya sa tafin ƙafa ya shafe gidajen, ya ce a hankali, “Na gode. Allah shi saka.” Ya shige.

Mai goro ya dube ni yana jin daɗi. “Ka gani? Kullum shi ka ci.”

Na ce, “Baba, wanga mutum ya san dara tun ba a haihe ni ba. Kuna zaton bai gane ba? Ai kun gaya mishi ya zama abin tausai, da hannu kunka gaya mishi.”

“To mu ci shi? Mutum na cikin wanga hali?”

“Ku ba ku iyawa. Ku bar mini bawana.”

A nan ya kamata in bayyana wa masu karatu matsayina a ilmin dara, don rahoto ba ya kyau da ɓoye-ɓoye. Ban iya ba. Na san dokokinta kamar yadda na san dokar hanya, amma in na zauna sai gidajen su riƙa yi mini yawo. Abin da nake da shi wanda dattawan nan ba su da shi guda ɗaya ne: ni ba na jin nauyinsa, kuma al'ada ta ba ni lasisi.

Washegari bayan azahar na zo ni kaɗai. Na leƙa zaure, yana ƙurya.

“Bawana, hito in ci ka.”

Ya ƙara juya fuska ga bango.

“An ce mini yanzu da tsohi kaka wasa, masu ba ka sadaka. Ni ban da sadaka. Hito.”

Ko motsi. Na ce to. Na zauna daidai bakin ƙofa inda zai iya hangowa, na haƙa gidaje, na zuba karare na zuba kashin raƙumi, na shiga yi wa kaina wasa da hannu biyu. Hannun dama ni, hannun hagu Alhaji. Ina yi ina shela kamar mai tallar magani a kasuwa.

“Jama'a ku shaida, Alhaji ya tura nan. Kash! Alhaji ya yi wauta. Ga ni na ci. Alhaji na kuka. Alhaji ya ce in yi mishi rai.”

Yaran unguwa suka taru, mata na leƙe ta kan katanga. Ranar na ci Alhaji har na gaji, na tafi gida. Na dawo washegari na sake cinsa. Na ci gaba da haka kwanaki, har labari ya kai kasuwa cewa mai gyaran keke yana lallasa fatoma kullum. Wani ma ya tare ni yana tambaya ko gaskiya ne.

Wata rana ina cikin yi, na ɗauki ɗan Alhaji na hannun hagu na kai shi wani gida da ko ni na san shirme ne. Sai na ji murya daga cikin duhun zaure, a dushe kamar ta wanda ya tashi daga barci.

“Ni ban taɓa yin wagga tahiya ba.”

Ban ɗaga kai ba. “Wa ka magana? Alhaji na nan gabana, shina wasa.”

“Mai da shi inda ka ɗauko shi, ɗan bayi. Kana ɓata mini suna.”

“In kana da magana ka zo ka hwaɗa ma Alhaji da kanka.”

Na ji jan takalmi. Ya fito yana kare ido da hannu, rigar ta yi masa yawa, wuyansa duk ya zurma. Ya tsuguna, ya ture hannuna na hagu kamar ana korar kaza, ya mai da ɗan. Kafin a kira la'asar ya share ni tas. Bai yi dariya ba. Amma da zai tashi ya ce, “Ko jaki ya fi ka.” Na tafi gida ina jin kamar an ba ni kujerar Makka.

Sai dai na san wannan ba za ta ɗore ba. Mutumin da ke cin ka ba tare da ya yi tunani ba, gobe zai gaji. Dole a sama wa kansa aiki. Da yake basira ba ta ishe ni ba, sai na nemi taimakon babban yatsan ƙafata.

Ga yadda tsarin yake, ga masu son su kwafa. Mukan fara wasa bayan azahar, in ja shi da surutu har ladan ya kira la'asar wasa bai ƙare ba. Sai a bar dara yadda take a tafi masallaci. Wajen miƙewa, ina gyara riga ina neman takalmi, sai yatsan nan ya ɗan gusa ɗa guda daga gidansa zuwa na kusa. In an dawo sai ga ni da hanyar ci a buɗe. Ranar farko ya zauna ya daɗe yana kallon ƙasa, ya dube ni, na ci shi ɗa biyu. Na kuwa yi rawa a gabansa, rawa ta sosai, har hulata ta faɗi.

Rana ta biyu ya ce, “Wanga kara ba nan yake ba.”

“Tsuhwa ta kama ka, bawana. Nan yake tun jiya.”

“Jiya ba mu fara wagga ba.”

“To ka gani? Ka ma san jiya.”

Daga nan yaƙi ya tashi. Kafin mu tafi masallaci sai ya tsaya a kan dara, leɓensa na motsi, yana haddace gidajen jere-jere. In mun dawo ya bi su ɗaya-ɗaya, ya kama ni, ya mai da ɗan, ya ci tarata ta hanyar cire mini ɗa ɗaya. Sai na koma gusa biyu, ɗaya nasa ɗaya nawa. Ya kama. Na koma musanya kashin raƙumi da kara. Ya kama. Wata rana ban taɓa komai ba sam, ya zauna yana bincike har rana ta yi ja, ya rasa, ya ce wallahi akwai abin da na yi. Liman ya kira mu ya ce ya lura akwai masu sallar la'asar da hankalinsu ke gindin katanga. Na ce Allah gafarta Malam ni dai nawa na cikin sahu, a tambayi Alhaji.

Abinci ma ta haka ya dawo. Matarsa takan aiko da akushi, ya ce ya ƙoshi. Sai in jawo in buɗe in fara, ina yabon miya, ina cewa ai gara ma kada ya ci, naman ya fi dacewa da masu haƙori. Rannan na kai hannu kan tsoka ta ƙarshe sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

“Gidanku ba a dahuwa?”

“Ka ce ka ƙoshi.”

“Na ƙoshi da ganinka dai.” Ya ja akushin gabansa.

Kada in yi ƙarya a rahoto, ba kullum ake samun haka ba. Akwai ranakun da zan zo in yi ta shela, ko tari ba zai yi ba. Akwai Asabar ɗin da wani ya wuce da raƙumi ɗaya ramamme, ya bi shi da kallo har ya ɓace, ya tashi a tsakiyar wasa ya shige, muka yi kwana da kwanaki ban ga fuskarsa ba. Irin waɗannan ranaku nakan zauna a bakin ƙofar in tuna kawuna da ƙwaryar furarsa, bakina ya mutu. Sannan in tuna in na yi shiru na zama mai goro, sai in ci gaba da zagi. Kuma duk wannan lokaci iyakarsa ƙofar gida da masallacin da ke jikinta. Kasuwa, ko titi, ko gidan wani, bai taka ba.

Yanzu sai batun ko riba ta biya wahala, tunda a kansa masana ke gardama. Kayan aikin dai kyauta ne, ƙasa ta Allah ce, raƙuma kuma ba sa sayar da abinsu. Tsadar tana wajen mai ba da maganin. Rumfata takan kasance a rufe daga azahar zuwa magariba, daidai lokacin da masu keke ke dawowa daga daji da tayoyi a fashe. Wani ya buɗe tasa rumfar a gabana, ya kwashe su kaf. Shi ya sayi babur ɗin da na yi mafarki, ja, yakan wuce ni yana danna ƙaho. Mai ɗakina ta ce ita ba ta taɓa jin inda magidanci ya bar sana'a ya koma wasa da kashin raƙumi ba, in kuwa aikin asibiti nake yi to a nuna mata albashi. Wannan duk a gefen hasara.

Gefen riba shi ne mai wuyar aunawa, don abin da ake nema a auna bai faru ba. Yaya za ka sa ciwon da bai zo ba a mudu? Matarsa har ta rasu tana cewa rubutu ne. Malamin asibiti ya ce zama da mutane ne, ya ƙara da cewa maganin jininsa ma ya taimaka. Liman ya ce Allah ne, kuma duk cikinmu shi kaɗai ba a iya yi wa gardama. Ni dai na san yatsana ya yi aiki. Yau wurin da muke haƙa gidajen an zuba masa siminti, shagon sayar da waya ne, in na wuce nakan rage tafiya ba tare da na shirya ba. Taubashina kuma ya daɗe da komawa ga Mahaliccinsa, da tsufansa, da jikokinsa, bakinsa bai mutu ba har ƙarshe. Allah ya jiƙan bawana.

Amma akwai rana ɗaya da nake kafa hujja da ita.

Damina ta zagayo, wannan karon ruwa ya sauka sosai. Ina da 'yar gona a Araba, gadon mahaifina, na yi shuka da ruwan farko sannan na bar ta saboda dara. Maƙwabcina na gona ya aiko cewa in ban zo ba, to in sani ciyawa na shuka ba gero ba. Mai ɗakina ta aje mini hauya a bakin ƙofa. A ranar mun bar wasa a tsakiya, don hadari ya taso bayan la'asar ya kore mu, ruwa ya shafe gidajen. Da asuba na hau keke na tafi Araba. Na yi niyyar aikawa a gaya masa, na sha'afa. Aikin kuwa ya fi ƙarfin kwana ɗaya, sai na kwana can wajen dangi.

Ina duƙe ina noma da hantsi, gumi na shiga mini ido, hankalina rabi na gida. Ina ta cewa yanzu ya koma ƙurya, duk abin da aka gina ya rushe saboda gero. Sai na ji maƙwabcina yana cewa, “Malam, ga baƙo nan bisa jaki, kamar wurinka ya nuho.”

Na ɗaga kai. Babbar riga ce a kan jaki, da malafa, ƙafafu na jan ƙasa. Mutumin da ya fi shekara bai wuce masallacin ƙofar gidansa ba, ya ratso gari, ya bi ta bakin kasuwa a idon kowa, ya biyo hanyar Araba cikin taɓo. Na tsaya da hauya a hannu ina kallonsa.

Ya sauko da ƙyar, ya ɗaure jakin a jikin wata sabara. Bai yi mini sannu da aiki ba.

“Ɓarawo. Ka ga za ka sha kashi ka gudo.”

“Ruwa ya shahe ta, bawana. Wasa ya mutu.”

“Ga wa ya mutu?”

Ya tsuguna a kan kunyar da na gama nomewa, ya share wuri da gefen hannu, ya haƙa gidaje. Ya zaro ƙullin tsumma daga aljihu, ashe har da kayan aiki ya zo. Ya shiga dasawa, kara nan, kashi nan, kara can, ba ya ko tsayawa. Da ya gama na duba, wasanmu ne na shekaranjiya, yadda hadari ya same shi. Har ɗan da na gusa da yatsa ina tattara riga a guje, ya mai da shi gidansa na gaskiya.

“Kai ad da tahiya,” in ji shi.

Na aje hauya na zauna a taɓo. Na tura ɗa ɗaya ban ma san inda na kai shi ba. Ya dube shi, ya dube ni, sai ya fashe da dariya, irin ta da, mai sa shi tari, har maƙwabcina ya bar nomansa ya matso. Ya jera uku ya cire nawa ya jefar cikin gero.

Sannan ya waiwaya ya ƙare wa gonar kallo, daga wannan iyaka zuwa waccan.

“Wagga gona ko makiyaya? Haka gwaggo ta haihi raggo. In mun ƙare ka ba ni hauya guda, gobe kuma in turo maka yarana daga Garu. Tura, kana ɓata mini lokaci, ina son in biya kasuwa in ga mi anka kawo.”